Ƙwallon da Ya Faɗo Cikin Hular Alhaji

Shekara takwas ke nan da aka fitar da gawar maigidana daga benenmu na unguwar Park Hill, cikin sanyin nan mai tsaga leɓe. Ba zan faɗi sunansa ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa kiransa ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen unguwa Alhaji Mai Hula suke ce masa, don ko ƙanƙara ake zubawa ba ya rabuwa da zannarsa. Ni ban yi boko ba. 'Yata Bilki ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo, mutane kan tuna masa sahun gaba a masallaci da yawan zumunci. Gaskiya suka faɗa. Amma ni abin da ke zuwa mini wani fili ne a bakin ruwa, da wani ƙwallo wanda bai fi lemo girma ba.

Alhaji shara yake yi a tashar jirgin fito, wanda ke ƙetarar da mutane zuwa Manhattan. Dab da tashar akwai filin wasan da suke kira besbol: ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya doke shi da kulki, sai gudu. Wata rana da ya tashi aiki ya ji ihun jama'a, ya sayi tikiti ya leƙa. Shi ke nan. Daga ranar, muddin lokacin zafi ya shigo, Lahadin Alhaji ta filin ce. Ba manyan 'yan wasan da ake nunawa a talabijin ba ne a wurin. Samari ne masu neman a ɗauke su, yau a ga wannan, gobe a ce an sallame shi. Alhaji kan ce, "Hajiya, irinmu ne fa. Sun baro iyayensu, suna kwana a ɗakin wani, suna hangen ƙetare." Ni kuwa nakan ce dattijo mai jika ba ya zama kallon tsalle-tsalle.

Shekara biyar yana roƙona in raka shi. Ranar da na yarda, ba don sha'awa ba ne. Na je ne in ga abin da idona, in sami na faɗa.

Bayan azahar muka hau bas. Muka shiga ta wani lungu mai duhu, muka hau matakala, ina riƙe da gwiwata ina ƙorafi. Da muka ɓullo sama sai na ja na tsaya. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ko a fadamar garinmu da damina ta yi kyau. An aske ciyawar layi-layi kamar saƙar tabarma, a tsakiya ga jar ƙasa an share ta sumul, babu ko tsinke. Bayan filin sai ruwa, faɗinsa ya ci ido. Wani jirgin kaya mai girman unguwa guda yana wucewa a hankali, ba ƙara, kamar ana jan sa da zare. Can ƙetare benayen Manhattan sun tsaya cirko-cirko cikin hasken rana. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan a lokacin, daga gida sai asibiti sai kantin mutanenmu a Tompkinsville, ban san haka Allah ya shimfiɗa wurin ba. Sai da na yi tasbihi sau uku kafin na tuna aibu na zo nema.

Na kuwa samu. Ga wani ƙato cikin rigar dodo yana rawa yana rungumar matan mutane. Ga giya a kofunan roba, ga tsiren alade cikin burodi. Abin da ya fi ci mini rai gyaɗa ce: manya da gemunsu suna ɓarewa suna watsa ɓawon a ƙarƙashin ƙafarsu. Ni da na tashi a gidan da ake tara ɓawon gyaɗa don hura wuta, sai na buɗe jakata na dinga zuba nawa a ciki. Can wajen la'asar jama'a duka suka miƙe tsaye lokaci ɗaya suna waƙa. Na ɗauka wani babba ne ya shigo. Alhaji ya ce a'a, miƙa ce kawai, al'adarsu ce idan wasa ya yi nisa. Na ce ni ba na miƙa a bainar jama'a, na yi zamana.

Amma akwai abin da ban iya kushewa ba. Idan mai jifa ya ɗaga ƙafa, duk yawan mutanen nan sai su yi tsit, har ka ji kukan tsuntsayen ruwa. Ni ban san dubban mutane na iya haɗuwa su riƙe numfashi saboda ɗan wani ba. A irin wannan shirun ne wani siririn saurayi ya kai duka. Ƙwallon ya tashi sama, ya yi ta tafiya har ya ɓace mini cikin haske, sannan ya karkato ya yo kanmu. Na kusa da mu suka miƙa hannuwa, wasu da safar hannu ta fata. Alhaji kuwa, mutumin da ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba, ya tuɓe hula ya tara. Ƙwallon ya faɗa ciki kamar an aiko shi.

Wurin ya ɗauki tafi. Sai ga Alhaji a ƙaton allon filin, sanƙonsa na sheƙi, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Na ja mayafi na rufe fuska.

"Mayar musu da kayansu," na ce.

"Hajiya, a nan duk wanda ya cafe, nasa ne."

"Wane malamin ya ba ka wannan fatawar? Tsintuwa sai an yi cigiya. Ga masu shi can kana gani."

Ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce wannan dai a sama na gan shi. Ya jefa ƙwallon aljihu. Da muka isa gida na ce abu biyu: kada abin nan ya kwana a ɗakina, kuma kada ya sake yi mini zancensa. Bayan kwana biyu ya dawo daga aiki yana murmushi, ya ce, "Hajiya, game da ƙwallon nan..." Na tashi na shige kicin. Ya sake gwadawa bayan mako guda, na ƙara wa rediyo murya. Bai yi na uku ba. Ni ma ban sake taka filin ba, har shekara shida suka wuce, har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar jana'iza liman ya yi shelar da aka saba, cewa duk mai haƙƙi a kan mamaci ya fito. Ba wanda ya fito, na gode wa Allah. Sai ina cikin takaba, ina gyara akwatinsa, na ci karo da tsohuwar hular nan a naɗe. Ƙwallon na ciki. A jikinsa kuma akwai rubutu da shuɗin biro. Na san hannun Alhaji, ajami yake yi. Wannan boko ne, na wani ne. Nan take na yanke cewa sunan mai shi ne, kamar yadda muke sa wa kwanukanmu alama idan za a kai su gidan biki. Wato maigidana yana kwance a kabari da kayan wani a wuyansa, ga ma sunan mai kayan.

Ban nuna wa Bilki ba. Ba na son 'ya ta san mahaifinta ya tafi da abin da ba nasa ba. Ba ni da ikon fita, abinci ya daina shiga, ina ƙirga kwanaki. Wata huɗu da kwana goma suka cika a daidai makon da aka buɗe filin na wannan shekarar.

Na nemi Hajiya Memuna, maƙwabciyarmu 'yar Zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, don ita Turanci ya zauna mata a baki. Da na gaya mata inda za mu sai ta riƙe haɓa. "Yaya, yau ka fita takaba, gobe sai gidan bal? Mutane za su ce dama jira kake yi." Haka Hausarsu take, mace ma "ka" suke ce mata. Na ce ta ɗauko jakarta ta bar surutu.

A bakin matakala muka tarar da wani dattijo baƙar fata, dogo, mai farin gemu, aikinsa nuna wa mutane kujerunsu. Na kwance hular na miƙa masa ƙwallon da hannu biyu. Na ce Memuna ta gaya masa mijina ya rasu, ga kayansu na dawo da shi, a nemo mai sunan nan ya yafe masa. Dattijon bai dubi ƙwallon ba. Hular ya zuba wa ido. Sannan ya cire tasa hular ya riƙe a ƙirji.

Da ya fara magana, Memuna na juya mini, sai na ji muryarta ta canja. Ya ce ya san ranar. Ya ce kwana biyu bayanta Alhaji ya dawo tun kafin a fara wasa, da kayan aikinsa a jiki, ya tsaya a bakin shinge kusan awa guda yana jiran saurayin da ya doki ƙwallon. Da yaron ya zo, Alhaji ya miƙa masa ya ce, "Matata ta ce ba nawa ba ne sai mai shi ya faɗa da bakinsa." Yaron bai jin Turanci sosai, ɗan wani tsibiri ne, sai da aka nemo mai fassara. Yaron ya ce ai shi ma ba nasa ba ne, na ƙungiya ne. Alhaji ya ce to a kira masa mai ƙungiyar. Aka kira babban mai horar da su, ya fito yana dariya, ya ce an ba shi duniya da lahira, ko dai yadda suke faɗa a nasu harshen. Sannan yaron ya karɓi biro ya sa sunansa. Dattijon ya ce a wurinsu, idan ɗan wasa ya rubuta sunansa a ƙwallo ya miƙa maka, kyauta ce wadda ba a karɓewa.

"Tambaye shi," na ce wa Memuna, "da idonsa ya gani?"

"Ya ce shi ya ba da aron biron."

Ya ƙara da cewa bayan wannan Alhaji ya cafe wasu, uku ko huɗu cikin shekaru, duk ya miƙa wa na kusa da shi. Wannan kaɗai ya riƙe. Dattijon ya taɓa tambayarsa dalili, Alhaji ya ce na ranar da Hajiya ta zo ne.

Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara shida mutumin nan yana ɗauke da amsar da ni na aike shi nema, ni kuma na toshe kunne. Haƙƙin da na zo saukewa ashe ba a wuyansa yake ba. Dattijon ya kai mu kujerar Alhaji, ta ƙarshen layi, inda ake ganin ruwa sosai. Na zauna.

Yanzu duk shekara ina zuwa, sau ɗaya, Lahadin farko da ƙafata ta yarda. Abubuwa sun sauya. Ƙungiyar da Alhaji ya sani an rushe ta bayan shekarar annoba, filin ya zauna shiru, sannan wata ta zo da wasu riguna. Dattijon mai farin gemu ban sake ganinsa ba. Benayen ƙetare sun ƙaru, wasu sirara kamar tsinken tsire. Rabin jama'a ta cikin waya suke kallon abin da ke gabansu, an kuma ƙara tsawon ragar da ke tare ƙwallo, ba kasafai yake faɗowa cikin mutane ba. Nakan tambayi kaina me Alhaji zai ce. Ragar, na san zai yi mata tsaki. Wayoyin zai ce a bar yara da zamaninsu. Amma samarin da ke cikin filin zai gane su nan take, don har yau irinmu ne, suna wasa suna hangen ƙetare. Kuma shirun nan na kafin jifa yana nan yadda ya bar shi. Jiragen ma ba su fasa wucewa ba.

Saurayin da ya sa sunansa, Bilki ta bincika mini, ba a sake jin ɗuriyarsa a wasan ba. Wataƙila yana garinsu yana wata sana'a, bai san akwai tsohuwar da ke sa shi cikin addu'a bayan kowace asuba ba.

Alhaji bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar 'ya'ya huɗu masu salla, da hula, da ƙwallo ɗaya na halal wanda ya tsaya awa guda a rana don ya halatta shi, saboda maganar matar da ba ta ko tsaya ta ji sakamakon ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe mini nawa.

Har yau ɓawon gyaɗata a jaka nake zubawa, dodon nan kuma ya san ba ya matsowa kusa da ni. Amma idan jama'a suka miƙe wajen la'asar, ina dafa kujera in miƙe tare da su. Idan kuma ƙwallo ya tashi sama ya karkato, nakan buɗe hular Alhaji a kan cinyata. Bai taɓa faɗowa ba. Ranar da ya faɗo, ba zan mayar ba.