Sukarin da Na Kaɓe Daga Hannun Tsoho

Duk wanda aka tambaya a layinmu a Illela labarin ranar da kakana ya faɗi a ƙofar gida, abu ɗaya zai ce: wai abokinsa ne ya riƙa ba shi sukari a ɓoye har ciwon ya tashi, jikarsa 'yar boko ce ta cece shi. Haka 'yan gidanmu suka ɗauka, haka maƙwabta suka yaɗa, har a gidan suna an taɓa nuna ni ana cewa ga likitar gidan Alhaji. Ba haka aka yi ba. Ni ce jikar, kuma ni na kusa kashe shi. Tsohon da ake zagi, shi kaɗai ya san abin da ke faruwa a ranar.

Lokacin ina da shekara sha tara, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Ba ni da haƙuri, ban iya lallashi ba, in na ga abu bai yi mini ba sai na faɗa ko a gaban waye. Kakana tsohon ɗan kasuwar albasa ne, ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin nan da Konni kafin gwiwa ta zaunar da shi. Bayan rasuwar kakarmu aka gano yana da ciwon suga, aka rubuta masa ƙwaya safe da yamma. Babana direban babbar mota ne, ba ya zama. Baffannina suna kasuwa wuni guda. Inna kuwa surukarsa ce, kunya ba za ta bar ta ta ce masa ci wannan, bar wancan ba. Ni ce jika, tsakanina da shi wasa ne, amarya yake ce mini, ni in ce masa ango mai furfura. Don haka aka ce ni zan riƙe abincinsa, tunda zan iya faɗa masa komai kuma na yi kimiyya a makaranta.

Ranar da likita ya yi bayani ba na wurin. Baffana ne ya raka shi, abin da ya dawo da shi kawai shi ne an ce a rage. A rage me, nawa, yaushe, bai riƙe ba. Sauran sai na nemo a waya, cikin saƙonnin muryar nan da ake turawa, waɗanda kowanne ke farawa da bincike ya nuna. Wannan ya ce tuwo ne matsalar, wancan ya ce fura, wani ya ce shinkafa guba ce. Ban tsaya tambayar wane bincike ko wa ya yi shi ba, na haɗa su duka. Inda aka ce a rage, ni sai in hana, don a ganina ragewa ɓata lokaci ne. Na cire tuwon gero, na cire fura, na cire dabino, na cire shayi da dogon burodin Konni da yake so. Abin da ya rage masa dafaffen zogale ne, ɗan wake, da kunu tsararo. Ƙwaya kuwa ban taɓa bari lokacinta ya wuce ba, da wannan nake taƙama.

A layinmu har yanzu tsofaffi na ciyayya. Bayan azahar da bayan magariba kowa a fito masa da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, a haɗa a ci tare. Su biyar ne, tun ba a haife ni ba suke yi. Na hana kakana sa hannu, na ce ya ci nasa a ɗaki sannan ya fita ya zauna da su in yana so. Cikinsu akwai wani tsohon tela, asalinsa mutumin Amarawa ne, yana zaune gidan ɗansa kusa da mu. Shi ma mai ciwon suga ne, ya riga kakana da shekaru. Kullum akwai ƙwayoyin sukari uku ko huɗu ƙulle a leda cikin aljihunsa. Ranar da na fara gani na yanke masa hukunci: makwaɗaici ne, jahili. Wata rana na fito ƙofar gida ya ce mini a hankali, mai shan irin wannan ƙwayar ba a barin sa da yunwa. Na ce masa wanda ke yawo da sukari a aljihu ba shi zai koya mini ba. Bai ji haushi ba, dariya ya yi, ya ce wa kakana wannan amaryar ta cika zafi, ya sallame ta ya huta. Kakana ya ce in ya sallame ta, wa zai riƙa ba shi ganye kamar akuya. Duk suka yi dariya, ni na shige gida.

Cikin wata biyu ya rame har hula ta fara yi masa yawa. Kafin azahar sai hannunsa ya riƙa rawa, zufa ta keto masa, ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ba. Ni duk wannan na ɗauke shi a matsayin suga ce ke hawa, kuma ba za ta hau ba sai in ana ba shi wani abu a waje. Na fara laluba aljihun rigunansa in ya cire. Ban sami komai ba, sai na ce sun iya ɓoyo. Na ƙara rage kunun.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Da safe na ba shi ƙwaya da rabin kofin kunu. Ya taka da ƙafa zuwa wurin masu albasa don ya gaisa da tsofaffin abokan sana'a, ya dawo da ƙafa cikin rana. Ni kuma kwana biyu kafin nan na ji wani saƙo da ya ce tsallake abincin rana na sauke suga, don haka ban ɗora masa komai ba. Bayan azahar aka yi ta kwaɗa sallama da ƙarfi. Na fita na same shi jingine da bango, riga ta jiƙe sharkaf, magana ba ta fita sosai, yana kirana da sunan kakarmu da ta rasu. Tsohon telan na durƙushe gabansa yana murƙushe sukari a cikin kofin ruwa.

Ya ɗago ya ce, "Mi kinka ba shi tun sahe?"

Na sa hannu na kaɓe kofin, ruwan ya zube a kan tabarma.

Ya ce, "Ɗiyata, sugan nai ƙasa ta yi, ba sama ba. Bar ni in ba shi."

A gaban dattawan nan na ce masa dama shi ne ke kashe mana tsoho, yau asirinsa ya tonu. Na ruga ciki na ɗauko wata ƙwayar na tura wa kakana a baki. Bai iya haɗiyewa ba, ta biyo yawu ta faɗo kan rigarsa. Wannan ne kawai dalilin da ya sa yau nake ba da labarin mai rai.

A asibiti wata nas ta soki yatsarsa ta duba, sai na ga ta ƙara sauri. Aka yi masa allura a jijiya, aka ɗaura ƙarin ruwa. Ba a daɗe ba ya buɗe ido yana tambayar ina hularsa. Daga nan ta ja ni gefe ta tambayi wa ke ba shi abinci da abin da ya ci. Na lissafa mata da ƙarfin gwiwata, ina jiran yabo. Ta ce abin da aka zuba masa a jijiya yanzu suga ce. Ta ce ƙwayar aikinta sauke suga, ko mutum ya ci ko bai ci ba, in ba ta sami abinci ba sai ta sauke ta fiye da ƙima, kuma faɗuwar suga ta fi hawanta saurin kisa. Ta ce tsoho na bukatar tuwonsa da miyarsa, awo ake yi masa da tsare lokaci, ba a raba shi da ci. Ta ce masu wannan ciwon da suka san kansu shi ya sa suke yawo da ɗan sukari. Da na ce mata na yi ƙoƙarin ƙara masa ƙwaya, ta dube ni kawai ta koma wurinsa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin in fito baffannina sun gama yanke magana. An ga ledar sukari a kan tabarma, an ji abin da na faɗa a ƙofar gida. Suka tambaye ni me aka ce, na ce an ce a kiyaye abincinsa. Ban ƙara komai ba. Da yamma babban baffana ya je ya ce wa tsohon telan kada ya sake zama a ƙofar gidanmu. Bai kare kansa ba, sai ya tambaya ko Alhaji ya farfaɗo, aka ce ya farfaɗo, ya ce to alhamdulillahi. Bayan 'yan makonni ya koma Amarawa wurin 'yarsa. Ciyayyar ta ɗan ja da mutum uku, sannan ta watse.

Yanzu shekara guda ke nan da wani abu. Na koma asibitin na zauna aka yi mini bayani daga farko, ina auna wa kakana tuwo, ina tsare lokaci, ya mayar da jikinsa. Kowa na cewa hannuna na da albarka. Shi bai tuna komai na ranar ba. Da aka gaya masa abin da ake cewa abokinsa ya yi, ya ce mutumin da ya ɗinka masa rigar aure ba zai yi masa haka ba, aka ce tsufa ne ke damunsa. A zaure yake cin abincinsa shi kaɗai yana kallon ƙofa, sau da yawa ya bar rabi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ɗan karatun da na yi ya ishe ni raina tsohon da ya shekara da shekaru yana zaune da ciwon a jikinsa, amma bai kai in gane abin da nake gani da idona ba. Ga duk wadda aka danƙa wa abincin tsoho mai ciwon suga: ki je asibitin da ƙafarki, ki tambayi me zai ci, nawa, yaushe, da abin da za ki yi in ya fara zufa da rawar jiki. Kada ki ɗauki saƙon waya ki gwada a kan mutum don an ce bincike ya nuna. Kada ki raba shi da mutanen da yake ci tare da su. In kuma kin yi kuskure ki faɗa a ranar, don kowace rana da ta wuce faɗar na ƙara nauyi.

Babana zai dawo daga tafiya jibi. Na yanke shawarar zan tara shi da baffannina a gaban kakana in faɗa musu abin da nas ta ce, ba ragi. Ranar Juma'a kuma zan hau mota zuwa Amarawa wurin tsohon telan, zan jira a sauko daga masallaci lokacin da ƙofar gidan ke da mutane. A gaban jama'a na zage shi, a gaban jama'a zan ce shi ne mai gaskiya. In ya ce in tashi in ba shi wuri, ya yi daidai, zan koma wata Juma'ar.