Shuɗin hannun Baba Yaƙubu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni. Baba Yaƙubu ya rasu.

Kuma ba yau ba ne. Har an kai shi, har an yi sadakar uku, ni ina nan unguwar Alshajara a Khartum ina ta shirya abin da zan ce masa in ya hau ni da faɗan rashin zuwa aiki. Ɗazu network ya dawo, wayata ta hau ƙara, sai ga voice ɗin matarsa Hajja Zainabu, a wayar maƙwabta ta yi. Na saurara ban gane ba. Na sake saurara.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, yadda ya zo min haka zan faɗa.

Wanda bai san ni sosai ba, ni ne Sale, daga wajen Gumel. Ba Sudan na nufa ba. Saudiyya aka ce za a kai mu aiki, mutumin da ya kawo mu ya karɓe mana fasfo wai zai buga biza, tun ranar ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba. Gaba ba hanya, baya ba hanya. Dako na dinga yi a Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu, wajen garejoji, Larabci ko na sayen ruwa ban iya ba.

Wata rana aka ɗora min damin farar takarda aka ce na kai wani shago a kasuwar Omdurman. Ina saukewa sai na ji an ce da Hausa, "Kai, daga ina aka koro ka?"

Na juyo. Tsoho ne siriri da farar jallabiya, hannayensa shuɗi har wuyan hannu. Kusa da shi tukunya ce a kan gawayi, wani abu fari mai kauri yana tafasa. Ranar ko shayi ban sha ba. Ashe ya ga inda idona ya tsaya.

Ya ce, "Cire ido, wannan kunun na takarda ne. Naka yana zuwa."

Ya aika aka kawo ful, wato dafaffen wakensu na nan, da burodi. Ya zauna yana kallona har na suɗe kwanon, ya ce ko akuyar Hajja ba ta kai ni sauri ba.

Haka na fara zama wajensa.

Aikinsa ban taɓa ganin irinsa a gida ba. Kun san takardar nan mai zane da ake gani in an buɗe bangon tsohon Alƙur'ani ko babban littafi? To shi yake yin ta, da hannu. Masu ɗinka littattafai suna karɓa su manna a bango, masu turare ma suna karɓa su lulluɓe akwatin amare.

A dafa gari da ruwa har ya yi kamar talge, a tace da ƙyalle, a bari ya kwana ya huce. Sai a zuba kala, ko bula ko jan ƙasa. A jiƙa takarda da soso, a shimfiɗa a tebur, a shafe ta da kunun, sannan a ja zane da mataji. Matajin ma shi yake yankawa daga tsohuwar jarka. Wani zanen da yatsa ake yi. Akwai mai igiyar ruwa, akwai mai saƙar tabarma, akwai wanda yake kira sawun kaza.

Zafin garin nan ba ya ba ka lokacin tunani. Buhu muke jiƙawa mu rataye a ƙofa, duk da haka kana ɗan tsayawa soshe kai ta fara bushewa.

Na ɓata masa takardu da yawa. Bai taɓa zagina ba, sai dai tsokana. Ya ɗaga wadda na yi ya ce, "Ya salam, wannan igiyar ruwa ce ko maciji ne mota ta taka?" Sai ya miƙo min buroshi. "Da danshi tukuna, shafe ka sake. In ta bushe, kalas, shi ke nan, haka za ta zauna."

Wani abu da ba zan manta ba. Da burodi ya yi wuya, mutane suna layi tun asuba, Baba ya daina sayen gari mai kyau. Sai ya je gidan burodi ya roƙi wanda aka share a ƙasa da wanda ƙwari suka shiga, mu zauna mu tankaɗe. Na ce Baba wannan wahala ce. Ya ce, "Yara suna layi, ni in ciyar da takarda? Da wane ido?"

Shi a nan aka haife shi. 'Yan kasuwa Ammu Yagub suke ce masa, wato Baba Yaƙubu. Hausarsa ma wata iri ce, yana cikin magana sai ya zame Larabci, in na yi zuru ya dawo. Ya ce kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, ya ce bari ya ɗan huta a nan ya yi guzuri. "To ga ni," in ji shi, "har yanzu hutawar muke." Ya yi ta dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na ce, Baba, ni ma haka zan ƙare?

Sai ya sa yatsa ya sharce gumin goshina, ya bar min layin shuɗi, ya ce, "Kai da sauran danshi, ya waladi." Wato ɗana.

Amma ba wannan ne ya sa nake kuka ba yau.

Akwai abin da ake kira kasha a nan. Mota ce take tsayawa a kasuwa ba zato, a kwashe duk baƙon da ba shi da shaida. Wanda aka kwasa wani a sake ganinsa, wani shiru. Ni kuwa ba ni da komai, ko hoton fasfo ɗina ba ni da shi.

Ranar ina tsakiyar jan zane na ji gudu a layinmu. Kafin na ajiye mataji wani mai kaki ya shigo, ya riƙe min wuyan riga yana magana da ƙarfi. Ban ji duka ba, amma na san abin da yake nema. Na san in na buɗe baki na gama yawo.

Baba ko tashi da sauri bai yi ba. Ya zo a hankali, ya kama hannuna ya ɗora a tebur, ya ajiye nasa a gefe. Duk biyun shuɗi, har cikin farce. Ya ce da Larabci, wannan na ji shi sarai, "Ɗana ne. Duba hannunsa, duba nawa."

Mutumin ya ce me ya sa ba ya magana?

Baba ya ce, "Gadon uwarsa ne, su ba sa magana sai an kawo abinci."

Na waje suka fashe da dariya, shi ma mai kakin ya ɗan murmusa. Ya sake ni, ya dangwali takardar da nake yi, kunu ya manne masa a yatsa, ya goge a bango ya fita.

Da suka tafi na zauna a ƙasa. Na ce Baba, ka yi ƙarya saboda ni. Ya ce, "Astagfirullah. To wanda ya ci a kwanona ya sa hannu a tukunyata, me zan kira shi? Tashi, ka bar takarda ta bushe."

Tun ranar duk layin suka koma ce min ɗan Yagub. In zan hau mota in tsallaka gada ba na sa hannu a aljihu. A waje nake barinsa kowa ya gani. Ban sani ba ko yana aiki, amma ba a sake tare ni ba.

Ganinmu na ƙarshe, bayan la'asar ne. Ya naɗe busassun takardu ya ce na kai wa wani mai ɗinkin littattafai a Khartum, na kwana a ɗakinmu na Alshajara tunda ya fi kusa, da safe na dawo. Ya riga ya dafa kunun gobe, ya rufe da ƙyalle. Yana ɗan tari, na ce Baba ka sha magani, ya ce jabana ce maganinsa, wato gahawarsu ta nan.

Har na kai bakin layi ya ƙwala min kira. "Salih! Ka zo da wuri, kunu ba ya jiran mutum."

Na ce to Baba.

Da safe sojoji suka rufe gada. Aka yanke waya, aka yanke network. Na je bakin gadar na ga motocinsu a gicciye, na ga ana duba mutane ɗaya bayan ɗaya, na juyo. Washegari na koma, na juyo. Omdurman ga ta can ina hango ta, ruwa ne kawai a tsakani. Na ce a raina Baba zai gane.

Hajja ta ce ƙirjinsa ne ya riƙe. Ta ce ya tambaya ko na zo, aka ce hanya a rufe, ya ce, "Gara, kar ya fito."

Ta ce masu wanka sun yi iya yinsu, shuɗin farcensa ya ƙi fita. Da shi aka rufe shi.

A ƙarshen voice ɗin ta ce, "Kai kuma ya waladi, kunun ya yi tsami na zubar, tukunya na wanke ta. Ni ban iya ba, 'ya'yana mata duk suna gidajensu. In gada ta buɗe ka zo. In sun tare ka ka nuna musu hannu, ka ce gidan ubanka za ka ta'aziyya."

Na duba hannuna.

Ya koɗe. Kwanakin nan ba aiki, sai wankin mota da omo a gareji don a ba mu abinci. Ɗan kaɗan ne ya rage a gefen farcen babban yatsa.

Jama'a ban san me zan yi ba. Na san hannu ba fasfo ba ne. Na san wanda ya tsaya ya ce ɗana ne yana ƙasa. Wanda zai tare ni gobe bai san wani Yagub ba.

Amma na roƙi bula wajen mai wankin layinmu, wata mai shayi ta ba ni gari cikin cokali, na dafa a gwangwanin tumatir. Ban jira ya kwana ba, Baba ya yafe min. Takarda babu, sai na yagi buhun siminti na jiƙa. Na ja igiyar ruwa da yatsa. Ta karkace, na shafe na sake.

Tana can kan bonet tana bushewa. Da ƙyar nake danna wayar nan, duk na ɓata screen da shuɗi.

An ce har yanzu gada a rufe take. Gobe in Allah ya kai mu zan je, ba zan juyo ba sai in su suka juyo da ni.

Ya Allah ka jiƙan Baba Yaƙubu. Yadda ya rufa min asiri ranar da ba ni da kowa, ka rufa masa a kabarinsa. Ka yafe masa maganar da ya faɗa saboda ni. Ka ba Hajja haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu, ko ɗaya ce. In da saura a bakinku ku sa ni, Allah ya tsallakar da ni gobe.