Bakoji da Rijiyar da Ta Ƙona Masa Gira

Kun taɓa ganin rijiya ta yi aman wuta? Baba Bakoji ya gani, daga nisan kamu biyu kacal.

Mutumin Randagi ne, ya shigo Birnin Gwari da diga da igiya shekara talatin da huɗu da suka wuce. Rijiya ɗari biyu da goma sha huɗu ya haƙa, ba wadda ta rufta, ba wadda aka ce ruwanta ya ɓaci. Wannan sunan shi ne jarinsa. Kuma yana da ƙa'ida: ba ya shiga rijiya sai ya zura fitila a igiya. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau, sai a jira.

Da damina ta tsaya bara, maƙwabciyarmu Alice, uwar Grace, mai kunun zaƙi ta aika aka kira shi. Sati uku kafin nan ya yashe mata rijiya da injin jan ruwa.

"Baba, injinka ya tsiyaya mini fetur a ruwa," in ji ta. "'Yan acaɓa na cewa kununa zai ta da babur!"

"Maman Grace, injina ba ya yoyo."

"To hancina ne ke yoyo?"

Kafin azahar magana ta zaga unguwa, har gidaje biyu suka fasa ba shi aiki. Bakoji ya kunna fitila ya zura a rijiyar Alice kamar kullum, ya leƙa. Fuu! Da ya ɗago, ba gira ko ɗaya, gemun ma ya ragu.

Enoch, mijin Alice, da ya tabbatar dattijon lafiya lau yake, ya zauna a turmi yana dariya. "Ga zinariya a daji, ga mai a tsakar gidana! Baba, daga yau Ciyaman za ka riƙa kirana."

Bakoji bai yi dariya ba. Sau uku aka kwashe ruwan tas, sau uku warin ya dawo. Ya ce injin da ke cin lita huɗu ba zai yi wannan ba, daga ƙasa abin yake tahowa. Ya tara gorunan roba, na bi shi gida-gida ina rubuta suna a jikinsu. Rijiya goma sha bakwai muka ɗiba. Kowace gora rabi, a toshe, a girgiza, a ajiye a rana, sannan a buɗe a shinshina. Goma sha biyu lafiya. Biyar na wari, kuma uku daga ciki injinsa bai taɓa zuwa kusa da su ba.

Ya jera biyar ɗin a ƙasa yadda gidajen suke. Layi ɗaya suka yi, daga rafi zuwa tudu. Muka bi layin da ƙafa. Taku ɗari da sittin daga gidan Alice, sai ga mu a tsohon gidan man Alhaji Bappa.

"Malam Bakoji, shekara shida rabona da sayar da mai," in ji Alhaji. "Tankin nan fanko ne."

"Alhaji, a ba ni sandar awo."

Aka buɗe murfin, aka zura. Sandar ta fito a jiƙe har kamu uku: ruwa ne, da ɗan mai a samansa.

"Wa ya zuba ruwa a ciki?"

"Ba kowa."

"To ƙofar da ruwa ya shiga, ta nan manka ya fita."

Alhaji ya cire hula ya sosa ƙeya. Shi da kansa ya je wurin duba-gari. Bayan kwana goma sha ɗaya ma'aikatan muhalli suka zo, suka huda ƙasa wuri takwas, suka tafi da ƙasa da ruwa a kwalabe. Da aka tono tankin, na ƙirga huji tara, duk tsatsa ta ci. Aka rufe rijiyoyin nan biyar, aka ce ƙasar za ta daɗe kafin ta warke.

Alice ta zo har gida ta durƙusa. "Baba, na ɗora maka laifin da ba naka ba."

"Tashi, 'yata. Ni ma da na sha kunun nan, da na zargi wani."

Alhaji ya ba da fili can saman tudu, gidajen biyar suka ce ba mai haƙa musu sai Bakoji. Ita ce ta ɗari biyu da goma sha biyar, gaba tara, ruwa garau. Yanzu gora yake fara zurawa kafin fitila.

In akwai gidan mai kusa da ku, sabo ko tsoho, ku gwada ruwan rijiyarku yau ɗin nan: rabin gora, a toshe, a girgiza, minti ashirin a rana. In kun ji wari, ku daina sha, ku nemi duba-gari. Ashana kuwa ku bar ta a aljihu.