Bulo Ɗari da Tamanin

Shekarar da Kaka ta baro Konduga ta dawo gidanmu na unguwar Ajilari, ita ce shekarar da katangarmu ta faɗi. Ruwa ne ya kwana yana zuba, da asuba muka ji rugum, muka fito muka tarar gefen da ke kallon titi ya zube. Shekarata goma a lokacin. Ni dai abin daɗi ya yi mini, don daga tsakar gida ina hango duk mai wucewa. Kaka kuwa ko kusa.

Zamanin dokar hana fita ne. Da an yi la'asar kowa sai haramar gida, maza ma a gida suke sallar magariba. Babu lantarki, layukan waya a yanke. Abin da ya rage mana shi ne murhun Mama. Da an sauke tuwo sai Kaka ta jawo tabarmarta kusa da shi, ta iza guntun itacen da ya saura, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena. Hausarta ta Barebari ce, mace ma "shi" take ce mata. Mu yi ta dariya, ita kuma ta bi mu da ranƙwashi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta katse labarin ba. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin itace da yamma, muryarta nake ji.

Baba ya kafa zana a gurbin katangar, amma Kaka ba ta yarda da zana ba. Ta daina kwanciya. A zaune take kwana tana fuskantar wurin, carbi a hannu, in an ji harbi daga nesa sai ta bi mu da ido tana ƙirgawa. Mama ta yi lallashin duniya, amsarta ɗaya ce: "Sai an rufe wurin nan." Cikin 'yan makonni ta rame, idanunta suka faɗa, har tafiya zuwa bayan gida sai ta dafa bango.

Baba malamin lissafi ne a firamare, irin mutumin da in ya ce biyu da biyu huɗu ne, sai ka ɗauka shi ya gano hakan. Ya ɗauko tef ya auna: ƙafa talatin. Kowane bulo ƙafa ɗaya da rabi, ashirin ke nan a layi guda. Layi tara, ɗari da tamanin. Ya rubuta da alli a jikin ƙofar ɗaki, ya ja layi biyu a ƙasa kamar yadda yake koya wa 'yan aji.

"Modu, nawa ka ce?" in ji Kaka.

"Ɗari da tamanin, Ya." Haka yake kiranta.

"Na ƙasa fa?"

"Wane na ƙasa kuma? Lissafi ne, Ya, ba cefane ba."

Kaka ta ci gaba da jan carbinta. Mijinta, kakanmu, shekara da shekaru yana buga tubali a Konduga, ita ke ɗebo masa ruwa tana juya masa su a rana. Amma ba za ta ƙaryata ɗanta a gaban matarsa da 'ya'yansa ba. Sai da aka sauke tuwo a ranar, ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya," in ji ta.

Wai an yi wani mutum a bakin kogi, Mai-Daidai ake ce masa, don ko gero zai ba matarsa sai ya ƙirga ƙwayar. Akuyarsa ɗaya tal, kura kuwa ta sa mata ido. Sai ya ce zai yi mata katanga. Ya auna da taku, ya ƙirga, ya buga tubali daidai wa daida. Yana cikin bugawa ƙasa ta yi magana, ta ce: "Daga jikina ka ɗiba. A kowane goma ka ƙara ɗaya, nawa ne." Ya ce ko rabi ba zai ƙara ba. Ƙasa ta ƙyale shi. Da rana ta yi zafi, ɗaya ya tsage. Jaki ya taka ɗaya. Surukarsa ta zo gaisuwa ta zauna a kan ɗaya. Da ya gama gini sai ga giɓi, daidai faɗin kan kura, ga damina ta sauka, babu halin busar da wani.

"Sai ya yi yaya, Kaka?" muka tambaya.

"Sai ya toshe da abin da Allah ya ba shi," ta ce, tana dukan ƙugunta.

Wai kullum da yamma sai ya juya baya ya cusa mazaunansa a giɓin. Kura ta zo ta sunsuna, ta lasa, ta yi masa cakulkuli, shi kuwa ba dama ya motsa. Haka ya yi har kaka, akuya tana barcinta, shi ko gyangyaɗi. Muka yi ta birgima a tabarma, ƙanina har da shaƙewa. Kaka ta ce, "Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka."

Baba yana ƙofar ɗakinsa da rediyo a kunne, amma na lura ya rage muryarta tun farkon labarin.

"Wannan sabuwa ce, Ya. Ban taɓa jin ta ba."

"Da kana yaro ba ka buƙace ta ba," in ji Kaka.

Ya yi dariya, amma bai ƙara ko ɗaya ba. Ɗari da tamanin ya saya. A amalanke aka ɗauko su, kuma a shingen bincike biyu sai da aka sauke kayan kaf, aka duba ƙarƙashi, aka sake lodawa. Shida suka iso a farfashe. Wajen saukewa a ƙofar gida uku suka bi su. Magini, wani dattijo mai suna Ba Kyari, dole ya riƙa raba wasu biyu don bakin layi, kada gaɓa ta hau kan gaɓa, a nan ma biyar suka marmashe a hannunsa. Ya fara daga gefe da gefe yana haɗowa tsakiya, da ya aza na ƙarshe sai ga giɓi kamar taga, wanda duk mai wucewa in ya yi ɗage zai leƙo. Bulo goma sha huɗu babu.

Baba ya ce gobe zai ƙaro. Kafin goben wani abu ya faru a wancan ɓangaren gari, aka rufe hanyoyi, ko keke ba ya wucewa balle amalanke. Kwana biyu Baba yana zuwa ya tsaya gaban giɓin, hannuwa a baya. Na tausaya masa, don na ga yana kallon giɓin yana kallon mahaifiyarsa. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce "na faɗa maka" ba.

Da safiyar rana ta uku Kaka ta ce mini, "Yagana, kawo mini fartanya." Ƙasar tsohuwar katanga tana nan jibge a gefe. Ta sa muka farfasa, muka jiƙa, ta tsittsinka ciyawar zanar nan ta zuba a ciki don ta riƙe. Baba ya ɓalle katakon wani tsohon benci ya haɗa akwati daidai girman bulo. Sannan malamin lissafi ya naɗe wandonsa har gwiwa ya shiga cikin laka yana takawa, Mama tana leƙowa daga kicin tana toshe baki.

"To, malam, nawa za mu buga?" in ji Kaka.

Baba ya dubi giɓin. "Sha huɗu ne." Ya sosa ƙeya da hannun laka. "A yi sha shida."

Kaka ta yi dariya har da tari. A ƙarƙashin rumfa muka busar da su saboda ruwa. Ɗaya ya tsage, ɗaya ya ragu, Mama ta ɗora randa a kansa. Ranar da Ba Kyari ya toshe giɓin ya shafe, ana idar da isha Kaka ta miƙe a tabarma sai minshari. Muka fara ƙorafin ba a yi mana tatsuniya ba, Mama ta harare mu muka yi tsit.

Yanzu aikina ke nan, auna fili da fitar wa masu gini adadin kaya. Kullum sai na ƙara na fashewa, in hanya ba ta da kyau in ƙara fiye da haka, masu gida suna musu ina murmushi. Na daɗe ina ɗauka iyakar abin da Kaka ta bar mini ke nan.

Sai bayan rasuwarta Mama ta faɗa mini abin da aka ɓoye mana. Su tara suka taso daga Konduga a ƙafa suna gudun hijira, su bakwai suka iso. Baffa Bukar, ƙanin Baba, da babban ɗansa, waɗanda aka ce mana sun wuce Kano neman aiki, a hanya aka raba su da Kaka, kuma har ta koma ga Allah ba ta ji labarinsu ba.

Matar da ta koya mana mu ƙara saboda abin da hanya za ta ci, ita hanya ta cinye mata biyu, ba ta kuma da wasu a ajiye. Da wannan a ranta ta zauna gaban murhu tana dukan ƙugu, tana kwaikwayon kura, don dai mu yi dariya, ɗanta kuma kada ya ji kunya. Allah ya jiƙan Kaka.