Silifas Ɗin Shiga Gaban Kwamiti

"Kai, cire agogon nan! So kake su ce ɗan minista ne?"

"Ke fa? Turarenki tun daga ƙofa yake sallama."

A barandar ofishin tallafin ɗalibai, kowa yana gyara talaucinsa kafin kwamiti ya kira shi. Wani tsinkakken silifas ya shiga ofishin sau biyar yau, a ƙafafun mutum biyar.

Wani dogon saurayi ne kaɗai bai san tsarin ba. Rigarsa ta sha guga, takalminsa yana ƙyalli. Sai ka matso za ka ga wuyan rigar ɗinkin hannu ne. Ina jin mahaifiyarsa ce ta ce kada ya je gaban manya a wulaƙance. Yana riƙe da takardar makaranta mai cewa in bai yi rajista ba, babu jarrabawa.

Masinja ya leƙo, ya dubi takalmin.

"Alhaji, nema ka zo ko rabawa?"

Aka kwashe da dariya. Dogon ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa, ya dubi ɗalibin da ke kusa da shi, wanda ke sanye da tsinkakken silifas ɗin.

"Ɗan'uwa, don Allah in ka fito, ara mini silifas ɗin."