Tsofaffi biyu, ɗaya ga Janairu

Na daɗe ina aikin jinya a Kano da biro da kati, ban taɓa jin tsoron allura ba. Sai da na samu aiki a ƙasar waje, a wani asibiti a Bronx, na san abin da ake kira fargaba, kuma kwamfuta ce ta koya mini. Da yatsa ɗaya nake buga rubutu, kamar kaza na tsintar gero. Shugabar sashenmu ta riga ta ja mini kunne kan jinkiri, ga shi ina cikin watannin gwaji.

Wata safiya na turo keken kwamfuta zuwa gadon wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi, zan yi mata allurar ciwon suga. Ƙa'ida ce sai ka haska abin hannun majinyaci mai ɗauke da sunansa da na'ura, kwamfuta ta yarda, sannan ka ba da magani. Na haska, ta nuna ja. Na sake, ja. Innalillahi! Na ce shi ke nan, ƙauyancina ya sake ɓata wani abu, yau za a sallame ni.

Akwai maɓallin tsallake gargaɗin. Kowa ya san shi.

"'Yata, yi mini kawai," in ji tsohuwar, tana naɗe hannun riga. "Wannan akwatin ya fi ki sani ne?"

Wallahi yatsana yana kan maɓallin. Sunanta ne a allon, ranar haihuwa ɗaya ga Janairu, daidai da abin hannunta. Sai na janye yatsan. Ai uwata ma ɗaya ga Janairu aka rubuta mata a fasfo, haka ake yi wa duk wanda ba a san ranar haihuwarsa ba.

"Mama, tun yaushe kike da suga?"

"Suga? Allah ya kiyaye! Ni hawan jini ya kawo ni."

Ashe mai sugan wata tsohuwa ce daban, tana ɗakin gaba. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, fayil ɗin waccan ne a buɗe a gabana. Da allurar nan ta shiga jikin wannan baiwar Allah, ban san ko za ta kai azahar ba.

Na zauna a bakin gadonta. Ita ba ta san komai ba. Hannunta yana miƙe, tana sa mini albarka, tana cewa in yi sauri kafin shayinta ya huce.