Ranar da tarakta ta buge bijimi a hanyar Gwarzo

Wata safiya zamanin gyaɗa, ina saurayi, na ɗauko buhuna a taraktar Alhajinmu daga Kabo, sai ga bijimi ya faɗo titi. Na taka birki, amma sai da na buge shi, ya karye.

Tun damina na ƙi hawa titi da taraktar sai an yi mata inshora. Alhaji ya ce, "Yaro, garma ce fa. Wa ke yi wa garma inshora?" Na yi ta lallaɓa shi har ya yarda.

To, da na buge bijimin, ɗan sanda ya zo ya ce, "Yau kai da taraktar kun kwana a ofis."

Na ce, "Yallaɓai, ga lasisi, ga inshora."

Ya duba, ya ce in wuce. Inshora ta biya bijimin.

Taraktar garinku tana da ita kuwa? Baba Jauro mai bijimin da Sule mai awo, a gabansu aka yi.